Sharhi: Mutanen Kan Tsauni da Dukiyar da Ke Gangarowa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na doron ƙasa tsaunuka ne da tuddai, kuma mutanen da ke zaune a kansu sun haura biliyan ɗaya. A kusan kowace nahiya, mazaunin fili yana yi wa mazaunin dutse kallo iri ɗaya: mutum ne da aka bari a baya, bai ga duniya ba, talaucinsa kuma wurin zamansa ne ya jawo masa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha nanata cewa yunwa ta fi addabar ƙauyukan tsaunuka a ƙasashe masu tasowa, wannan kuwa ba a musunsa. Dalilin da ake bayarwa ne ban yarda da shi ba. A ganina, sanyi da tudu da wuyar hanya ba su isa su zama hujjar wannan talauci ba. Duk wanda ya bi tarihi zai tarar tsaunuka sun daɗe suna ciyar da birane da azurfa da gishiri da katako da ruwa, har da ƙarfin 'ya'yansu. Inda gizo ke saƙa shi ne, a hannun wa iko yake lokacin da waɗannan abubuwa ke gangarowa?

Mu fara kawar da maganar cewa mutanen tsauni a killace suke. A watan Satumban 1991, wasu masu hawan dutse suka ci karo da gawar wani mutum da ƙanƙara ta adana a tsaunukan Alps, daf da iyakar Italiya da Ostiriya, a tsayin da ya wuce mita 3,000. Ya mutu kimanin shekaru 5,300 da suka wuce. Cikin kayansa akwai gatari na jan ƙarfe, da aka gwada ƙarfen kuwa sai aka gano daga yankin Tuskani na tsakiyar Italiya aka haƙo shi, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Ke nan tun wancan zamani kaya na hawa, kaya na sauka.

Tsauni yana da wata baiwa da fili ba shi da ita. A fili sai matafiyi ya yi makonni kafin yanayi ya sauya masa. A tsauni tafiyar yini guda ta isa ta ɗauke shi daga ƙasar masara ta kai shi inda ciyawa kaɗai ke tsirowa. Mutanen tsaunukan Andes na Kudancin Amurka sun gina rayuwarsu a kan wannan. Al'umma ɗaya za ta riƙe gonaki hawa-hawa: auduga da ganyen koka a kwari mai zafi, masara a tsakiya, dankali a sama, can ƙololuwa kuma kiwon dabbobin lama da alfaka. Idan sanyi ya kashe amfanin wannan hawa, na wancan ya tsira. Dankalin ma sun san yadda za su sa shi ya daɗe. Su baza shi a ƙasa sanyin dare ya daskarar da shi, rana ta fito ya narke, su bi shi da ƙafa su tattake ruwan ya fita, su maimaita har ya bushe ƙayau, ya yi shekaru a rumbu bai lalace ba. Da irin wannan tanadi daular Inka ta cika rumbunanta, ta shimfiɗa hanyoyi na kimanin kilomita 30,000 a kan duwatsu, alhali ba ta da doki ba ta da amalanke.

Noma a gangare ba aikin mutum ɗaya ba ne. Mutanen Konso a Habasha da na Ifugawo a Filifin sun yanka jikin tsauni sun mayar da shi matakala, kowane hawa da katangarsa da ke riƙe ƙasa da ruwa. Dutse ake ɗora wa dutse ba siminti, ƙasar da ruwa ya kwashe a ɗebo ta a kwando a sake hawa da ita. Idan katangar maƙwabcinka na sama ta rushe, gonarka ce za ta binne. Shi ya sa dole ta sa suka zama mutanen doka da yarjejeniya, tun kafin wata gwamnati ta iso musu.

Ina so mu ɗan daɗe a wani ƙaramin ƙauye mai suna Torbel, a yankin Valais na ƙasar Suwizalan, domin shi ya bar mana takardu. A 1483 mutanen ƙauyen suka rubuta yarjejeniya kan yadda za su riƙa amfani da makiyayarsu ta kan tsauni da dajinsu da magudanan ruwansu. Suka ce baƙon da ya sayi fili a garin bai sayi haƙƙin kiwo a makiyayar jama'a ba. A 1517 suka ƙara wata doka: kada wani ya kai shanu makiyayar bazara fiye da adadin da zai iya ciyarwa da harawarsa a lokacin hunturu. Mai sauraro, duba hikimar da ke ciki. Ba sai an zauna ana gardamar wa ya cancanci saniya nawa ba, rumbun harawar kowa shi ne shaidarsa, kuma kowa na ganin na kowa. Mai kuɗi ba zai sayo garke da bazara ya cinye ciyawar talakawa ya sayar kafin sanyi ba. Akwai jami'in da ƙauye ya naɗa ya ci tarar wanda ya keta. Cukun da aka yi a kan tsauni a raba shi gwargwadon shanun kowa. Itacen da za a sare a yi masa alama, a raba wa gidaje ta hanyar ƙuri'a, domin dajin da ke saman ƙauye shi ne ke tare zaftarewar ƙanƙara. Shekaru ɗaruruwa makiyayar nan ba ta mutu ba. An daɗe ana koyarwa a jami'o'i cewa duk abin da jama'a suka mallaka tare ƙarshensa lalacewa, sai dai gwamnati ta karɓe ko a sayar wa ɗan kasuwa. Masaniya Elinor Ostrom ta kafa hujja da Torbel da ire-irensa ta nuna ba haka abin yake ba ko'ina, kuma a 2009 ta zama mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki. Abin da aka karrama ta a kansa, makiyayan da ba su je jami'a ba sun rubuta shi shekaru wajen 500 kafin nan.

Bayan makiyaya sai mashigi. Duk inda tsauni ya raba kasuwanni biyu, wanda ke zaune a mashigin ya samu abin yi. Wajen 1230 aka gina gada a kan wani mugun kwazazzabo, hanyar Gotthard ta buɗe tsakanin Italiya da ƙasashen Jamus. Ƙauyukan da ke kan hanyar suka kafa ƙungiyoyin masu alfadarai, kowane ƙauye ya ɗauki kaya a yankinsa ya miƙa wa na gaba, ya karɓi lada da kuɗin gyaran hanya. Kwaruruwan da ke bakin wannan mashigi, Uri da Shwiz da Untawalden, su ne suka ƙulla ƙawancen 1291 da Suwizalan ke ɗauka a matsayin mafarinta. Sai dai arzikin mashigi yana da ranar ƙarewa. A 1882 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 15 da aka huda ta cikin dutsen, bayan leburori kusan 200 sun mutu a aikin, akasarinsu 'yan Italiya. Kayan da a da ke kwana a ƙauyuka suka koma wucewa ta ƙarƙashinsu cikin mintoci. Masu alfadarai da masu masauki da maƙera suka wayi gari ba sana'a, da yawa suka yi ƙaura.

Irin wannan ya samu fataken Himalaya. Tsawon ƙarnoni suna ɗauko gishiri daga tafkunan Tibet a bayan shanun yak da tumaki, su gangara kwaruruwan Nepal su yi musayarsa da hatsi. Da Sin ta tsaurara iko a Tibet bayan 1959 aka takura iyakar, gishirin Indiya mai araha kuma ya shigo ta sababbin hanyoyi, ayari ya watse. Babu wanda ya tambayi fataken kafin a yanke wannan shawara.

Tambaya za ta iya zuwa: me ya tara mutane da yawa haka a wuri mai wuya? Sau da yawa tsira suka je nema, daga zazzaɓin cizon sauro, daga yaƙi, daga masu farautar bayi. Mutanen ƙabilar Dogon sun maƙale a jikin duwatsun Bandiyagara na Mali. Sarki Moshweshwe ya hau da jama'arsa dutsen Taba Bosiyu a 1824, daga nan ƙasar Lesoto ta samo asali. A Adwa, cikin tsaunukan arewacin Habasha, dakarun Sarki Menelik na Biyu suka karya rundunar Italiya a 1896. Tsauni ya ba su 'yanci. Amma 'yanci na tara jama'a, gonar dutse kuma ba ta faɗaɗa.

Daga nan ne cin rani ya zama jinin jikin mutanen tsauni, kuma nan ne tarihin ke da ciwo. Har farkon ƙarni na 20, duk watan Maris, yara 'yan shekara shida zuwa sha huɗu daga ƙauyukan Tirol da Foralbag na Ostiriya da gabashin Suwizalan sukan taso a ƙafa, babba ɗaya na jagorantarsu, su ratsa mashigai cike da dusar ƙanƙara da takalma marasa kirki, su sauka garin Rabensbag a kudancin Jamus. Can akwai kasuwa ta yara. Manoma su zo su duba wanda ya fi ƙarfi, a yi ciniki, yaro ya bi mutumin da bai taɓa gani ba ya yi masa kiwo da aikin gona har kaka. Ladansa kayan sawa da 'yan kuɗi kaɗan, babbar ribar iyayensa kuwa ita ce an rage baki ɗaya a gida na wata bakwai. Sai a 1915 aka hana wannan kasuwa. Wannan a tsakiyar Turai ke nan, a yankunan da yau attajiran duniya ke zuwa hutu. Manya kuma sojan haya suka riƙa tafiya. Sarakunan Turai sun yi ƙarnoni suna hayar samarin Suwizalan, masu gadin Fafaroma da aka kafa a 1506 ragowar wancan zamani ne. Turawan Ingila sun fara ɗibar sojojin da ake kira Gurka daga tuddan Nepal a 1815, ba su kuma daina ba har yau. Mazajen Lesoto sun ƙare ƙuruciyarsu a ramukan zinariyar Afirka ta Kudu, da yawa sun dawo da ciwon huhu. Yanzu kuɗin da 'yan Nepal ke aikowa daga ƙasashen Larabawa da Indiya da Malesiya ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin ƙasar. Yaro a tsauni aka haife shi, a nan aka raine shi, a nan zai dawo ya tsufa, shekarun ƙarfinsa kuwa wasu suka mora.

Babu inda wannan zalunci ya fito fili kamar Potosi, a ƙasar Bolibiya ta yau. A 1545 aka gano azurfa a wani dutse da Sifaniyawa suka raɗa wa suna Dutse Mai Arziki, a gindinsa gari ya tashi a tsayin mita wajen 4,000. A farkon ƙarni na 17 mazaunansa sun kai kimanin 160,000, yana gogayya da manyan biranen Turai na lokacin. Wa ke haƙar? A 1573 wakilin sarkin Sifaniya, Faransisko de Toledo, ya ɗauki wata tsohuwar al'adar Inka ta aikin gayya ga hukuma, wadda ake kira mita, ya mayar da ita aikin tilas. Gundumomi 16 aka ɗora wa wajibcin aiko da namiji ɗaya cikin kowane bakwai duk shekara. Mutum ya baro ƙauyensa da matarsa da 'ya'yansa da dabbobinsa, tafiyar makonni. Ya shiga rami da kyandir ɗaure a babban yatsa, ya cika buhu da dutse ya goya, ya hau tsani na igiyar fata cikin duhu da ƙura, ya fito daga zafin rami jiƙe da gumi ya faɗa iskar tsauni mai daskarar da jini. Waɗanda ba su shiga rami ba suna wurin tacewa, suna cuɗa garin dutse da zaiba da ƙafafunsu, zaibar da aka haƙo a Wankabelika ta ƙasar Peru, inda gubarta ta hallaka wasu dubban. Azurfar ta bi jiragen ruwa zuwa Sabil a Sifaniya, ta biya bashin yaƙoƙin sarakuna, wata ta bi ta Manila ta ƙare a kasuwannin Sin. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai a 1812 aka soke mita. A 2010 masaniyar tattalin arziki Melissa Dell ta kwatanta gundumomin Peru da ke cikin iyakar mita da maƙwabtansu da ke wajenta, tsauni ɗaya, yanayi ɗaya, jama'a ɗaya. Ta tarar abin da gidaje ke iya kashewa a yankin mita ya gaza na maƙwabtansu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, yaran da rashin abinci ya tsumburar ma sun fi yawa. Shekaru 200 bayan an soke dokar, tabonta na jikin yara. Wanda ya ce tudu ne ya talauta mutanen nan, sai ya gaya mana me ya sa talaucin ya san layin da Toledo ya ja.

A tsaunukan Apalachiya na Amurka, alƙalami ne ya yi aikin bulala. A ƙarshen ƙarni na 19 wakilan kamfanoni suka bi gida-gida suna sayen haƙƙin abin da ke ƙarƙashin ƙasa da kuɗi ƙalilan daga manoman da ba su san darajar kwal ɗin da suke takawa ba. Jikokinsu suka zama leburori a ƙasar kakanninsu, gidan haya na kamfani, albashi kuma wani lokaci da kuɗin kamfani da ba ya ciyuwa sai a kantin kamfani. A 1921 mahaƙa kimanin 10,000 suka ɗauki makamai a Dutsen Blair na jihar West Virginia, sai da gwamnatin tarayya ta turo soja.

Yanzu babbar hajar tsauni ruwa ne. Mafi yawan ruwan Nilu da ke isa Masar daga tuddan Habasha yake fitowa, kogunan Indus da Ganges da Yangtze kuma daga Himalaya da tudun Tibet. A nan ma bambancin yana ga wanda ya riƙe alƙalami. A Suwizalan, tun dokar 1916, kamfanin da ke samar da lantarki da ruwan tsauni dole ya biya jihohi da ƙananan hukumomin da ruwan yake nasu, kuɗin kuma yana kai ɗaruruwan miliyoyin faran, kuɗin ƙasar, duk shekara, da shi ƙauyuka da dama ke riƙe makarantu da hanyoyi. A Lesoto, gwamnatin soja ce ta sa hannu a yarjejeniyar 1986 da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Aka gina madatsar Katse mai tsayin mita 185, ruwa ya bi ta ƙarƙashin duwatsu zuwa yankin Johanasbag. Kuɗi na shiga baitulmali a Maseru, babban birnin Lesoto, gaskiya ne, amma mutanen da gonakinsu da makiyayarsu suka nutse sun yi shekaru suna bin diyya, wasu ƙauyukan da ke kallon tafkin kuma matansu na ɗibar ruwa a maɓuɓɓuga.

Matan nan ya kamata mu tsaya a kansu, domin duk inda maza suka tafi cin rani, su ke riƙe gona da dabbobi da itacen girki. A watan Maris na 1974, ranar da mazan ƙauyen Reni a tsaunukan arewacin Indiya ba sa gari, 'yan kwangila suka iso da gatura za su sare dajin. Wata mata mai suna Gaura Devi ta tara matan ƙauyen suka tsaya tsakanin masu sara da itatuwa, suka ƙi gusawa har mutanen suka juya. Sun ga ambaliyar da ta yi ɓarna a kwarinsu a 1970, sun san abin da tsiraicin tsauni ke haifarwa. Gwagwarmayar da ake kira Chipko ta kai ga hana sarar itace ta kasuwanci a yankin na tsawon shekaru 15 daga 1980.

Yawon buɗe ido ya kawo kuɗi na gaske, ba zan raina shi ba. Shi ya ɗaga ƙauyukan Alps da a da ciwon maƙoƙo ya yi wa katutu saboda ƙarancin sinadarin aidin, shi ya kawo abin yi a ƙasar Sherpa, mazauna tsaunukan Nepal, bayan Tenzing Norgay da Edmund Hillary sun hau Everest a 1953. Amma rabon haɗari bai sauya ba. Ranar 18 ga Afrilun 2014 ƙanƙara ta zaftaro ta kashe 'yan Nepal 16 da ke ɗaukar kaya suna shimfiɗa igiya domin baƙin da kowannensu ya biya dubban daloli. Tallafin farko da gwamnati ta yi wa kowane iyali tayi bai wuce kimanin dala 400 ba. Abokan aikinsu suka ajiye igiya, hawan wannan shekara ta ɓangaren Nepal ya tsaya, sai ga shi an ƙara kuɗin inshorar masu aikin.

Jihar Potosi har yau tana cikin mafiya talauci a Bolibiya, kuma a cikinta ne filin gishirin Uyuni yake, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi tarin sinadarin litiyam da ake yin batirin waya da na mota da shi. A 2019 mutanen jihar suka rufe hanyoyi suka tsayar da harkoki na makonni, suna ƙin wata yarjejeniya da wani kamfanin Jamus, suna cewa kashi 3 cikin 100 da ake ba jihar ya yi kaɗan. A watan Nuwamba gwamnati ta soke yarjejeniyar. Daga baya ta ƙulla wasu da kamfanonin Sin da Rasha, mutanen Potosi kuma suka sake fitowa suna neman a gaya musu kashi nawa zai tsaya a jiharsu, da kuma daga ina za a zuƙi ruwan da aikin ke buƙata a ƙasar da ruwan sama ba ya isar manoma da makiyaya.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. A huta lafiya.